Bencin Gaba na Malam Tizhe

A kan benci Inna Zenaba ta fara rigima da Malam Tizhe. Ranar ta bar ƙosanta yana ƙonewa a ƙofar wata firamare a Yelwa, ta faɗa ajinsa ko sallama babu.

"Kai ɗan maƙera! Uban wa ya ce ka dawo da jikata Na'imatu bencin gaba?"

Kowa ya san zancen. Yaron da Malam Tizhe ya ɗauko daga baya ya ajiye a bencin gaba, ba ya ganin ƙarshen zango. An riga an binne biyu.

Shi mutumin duwatsun Michika ne, kuma a garinsu maƙera ke ɗaukar gawa. Tun bai yi wayo ba yake bin ubansa gidajen mutuwa, ko ƙwarya ba a haɗawa da su. Ya yi kwalejin malamai, ya ɗaura taye, amma hancin gidansu bai bar shi ba.

"Inna, ba ni ke kiran mutuwa ba," ya ce a hankali. "Warinta nake ji. Ina matso da su ne don idona ya zauna a kansu. Iyayen waɗancan na gaya musu, suka zage ni. Ki kai Na'imatu asibiti yau."

Ga Na'imatu garau tana lasar yatsa. Inna ta zage shi tas, sannan ta saɓi yarinyar ta goya, don tsohuwar bakinta ne da kaifi, ba wauta gare ta ba. Suna kan layin ganin likita wuyan yarinya ya sandare. Sanƙarau ne. Aka yi sa'a ta tashi.

Sau nawa aka kira shi aikin ofis a Yola ya ƙi, wai takarda ba ta da wari. Hedimasta ma da aka ba shi, sai da aka bar masa ajinsa ya karɓa.

Shekarar da ake ta zancen raba Gongola, Inna ta kai masa ƙosai lokacin tara. Yara duk suna waje. Ta tarar da shi a bencin gaba shi kaɗai, gwiwoyi sun tokare tebur, ya naɗe hannu kamar ɗan aji ɗaya, yana kallon allon da ba a rubuta komai ba.

Ta ajiye kwanon, ta gyara ɗaurin zaninta. Ba ta san maganarta ta ƙarshe da shi ke nan ba.

"Tashi daga nan, ɗan maƙera. Na goyi jikata, kai ma ba ka fi ƙarfin bayana ba."