Ranar Da Na Wuce Motar Alhaji Garba

Duk wanda ya ce burga ce ta sa na wuce motar Alhaji Garba bai san mota ba. Har yau ana zancen a Sri Petaling, unguwarmu a nan ƙasar waje, wai 'yar Malam Isa ta raina manya. To ga yadda aka yi, don ranar ba ta fita raina ba.

Tun da na gama sakandare nake aiki a garejin Ankul Tan da ke Cheras, inda ake gyaran tsofaffin motoci. Akwai wata ja 'yar Italiya mai kujera biyu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Injinta ba a gaba yake ba, yana bayan kujerar direba, gaban tayoyin baya. Saboda nauyin yana tsakiya, in ta sha kwana kamar an liƙa ta da titi. Amma lagiretonta yana can a hanci, ruwa sai ya bi dogayen bututu kafin ya isa injin, fankokinta kuma ƙanana ne. An ƙera ta don ta sha iska da gudu. Tafiyar hawainiya ce ke kashe ta.

Dakta Sani, abokin Abbana, shi ya yi hayarta ranar bikin kammala digirinsa. Ankul Tan ba ya ba baƙo makulli, sai ya miƙo mini. "Idonki a kan allurar zafi. In injin nan ya ƙone, babu irinsa a ƙasar nan."

Daga wurin bikin a Bukit Jalil muka yi jerin gwano zuwa wurin walima. Mutanenmu kun san mu: babba ne a gaba, kuma ba a wuce shi. Alhaji Garba, dattijon 'yan Najeriya na unguwarmu, yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ga rana, ga cunkoso. Allura ta fara hawa.

Dakta ya gyara zama cikin babbar riga, yana zufa. "Ke Hafsatu, wa ya hura murhu a bayana?"

"Baffa, injin ne. Yana neman iska."

"To ki tsaya mana."

"Nan ba gefen tsayawa. Kuma in na kashe ta yanzu, ruwan zai daina zagayawa ya tafasa a ciki."

Ya dubi motar Alhaji, ya dubi allurar da ta kusa taɓa ja. Sannan ya cire hularsa ya ɗora a cinya.

"Taka, 'yata. Ni ban gani ba."

Da muka hau babbar hanya na rage giya, na taka totur. Ƙarar ta taso ta bayan kunnena kamar ana yaga sabuwar shadda. Muka wuce Alhaji, na ma hango bakinsa a buɗe. Kafin mu kai mahaɗa ta gaba allura ta sauko, ni ma numfashina ya dawo.

A wurin walima kuwa Dakta ya cika alkawari: bai gani ba. Ana ta yi da ni yana ta cin shinkafa. Abbana bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Injin kin cece shi. Alhaji fa?"

Da farko haushi na ji. Daga baya na zauna na duba. A gareji an koya mini cewa kowace mota da yadda take son a bi da ita, kuma ban taɓa yi wa mota gardama ba. Alhaji bai taɓa zama da inji a bayansa ba, abin da ya gani yarinya ce ta sha gabansa a idon jama'a.

Na roƙi Ankul Tan aron motar ranar Asabar da safe, ya yarda. Zan je gidan Alhaji in durƙusa in gaishe shi, in ba shi haƙuri. Sannan in buɗe masa ƙofa, mu shiga cunkoson Cheras tare, har sai shi da bakinsa ya ce in taka.