Kyankyasan da Suka Biyo Kaya Daga Legas

Me Allah ya sa a jikin kyankyaso da zai sha gubar da ta kayar da ƙaton namiji, ya yi rigingine yana shure-shure, sannan ya juyo ya kama gabansa? Na tsufa da wannan tambaya, kuma in na tuna ta sai hawaye.

Maigidana feshin ƙwari yake yi. A shekarun da ake kwaso gwamnati daga Legas zuwa sabon babban birnin tarayya muna zaune a gefensa, a Idu, a ɗakin kwano. Kullum da safe sai ya goya tankinsa ya nufi Maitama, inda ake gama sababbin gidaje. Da farko aikin ba wuya, feshi ɗaya ƙwari sun mutu. Sai manyan motoci suka fara sauke kayan ma'aikata, a cikin kwalayen kuma wasu ƙananan kyankyasai jajaye suka iso.

"Waɗannan 'yan birni ne," in ji shi. "Tun a can suka saba da magani, ya zame musu koko."

Wani malamin gona a Bwari ya yi masa bayani. Wai akwai abin da ido ba ya gani a jikinsu, yana narkar da gubar kafin ta yi kisa, kuma wanda ya tsira sai ya haifi irinsa. Ya ce a canza magani, kada a ƙara shi. To, wancan maganin sai an aika Kaduna, ga shi akwai wani oga da iyalinsa za su sauka ranar Juma'a. Sau biyu maigidana ya feshe gidan ogan, sau biyu kuku ya buɗe kabad suka watso. Oga ya ce in madam ta ga ko ɗaya, ba shi ba aiki a layin nan gaba ɗaya.

Ranar Alhamis da safe ina dama koko na ga yana haɗa magani. Murfi ɗaya yake zubawa kullum. Ranar na ƙirga uku.

"Malam, murfi nawa ke nan?"

"Ke dai ki nemo mini nono."

Duk masu feshi haka suke yi. Sun ce nono na karya dafi, ni ma na yarda.

"Tagogi fa?"

"In na buɗe, iska ta kwashe. Yau ko ni ko su."

Ya ɗaure hanci da hankici tun daga gida, yana dariya.

Bayan azahar direban gidan oga ya sauke shi a ƙofarmu. Gumi kamar an kwara masa ruwa, yawu na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Na zaunar da shi na ba shi nono. Ya amayar. Na sake ba shi. Ya ce ya bar biyu suna motsi a bayan firij, ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ina riƙe da ƙwarya ina jiran nono ya yi aiki, har aka kira la'asar. Wannan jiran shi ne ban yafe wa kaina ba.

Maƙwabciyata, wata 'yar Filato mai sayar da abinci, ita ta leƙo ta kurma ihu.

"Mama, wannan ba aikin nono ba ne! Asibiti!"

Ta fita da gudu neman mota. Numfashinsa ya koma kurkur, tsokar hannunsa na rawa ita kaɗai. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, warinta na hawa kai. Na kama wuyanta zan cire masa, sai ya damƙe hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ture.

A motar bai ƙara magana ba, a asibiti ma haka. Abin da ya faɗa a ɗakin nan, yana kallon yatsuna, shi ne na ƙarshe.

"Kar ki wanke rigar nan da hannunki. Ki ɗauke ta da sanda, ki ƙone."