Dashen da Ba Ya Yin Saiwa

Edita, lokacin da abin ya fara ni saurayi ne ɗan Bakura, manomin shinkafa a fadamar da ke shan ruwan Bakolori, mai ganin ya fi kowa sanin ƙasa. Tun ina yaro nake da ƙaiƙayin ido, ina murza shi kamar ina wanki. Da na girma sai fitila ɗaya ta riƙa zama mini uku. Na canja tabarau a Talata Mafara har mai shagon ya fara kirana surukinsa. A ƙarshe aka tura ni wani babban asibitin ido mai nisa. Likita ya ce tantanin nan mai haske da ke gaban baƙin idona ya yi siriri ya yi tsini kamar malfa, ciwon da suke kira keratokonas. Na dama ya lalace, na hagu yana lallaɓawa. Aka cire na daman, aka ɗinka mini na wani bawan Allah da ya rasu ya bar shi sadaka.

Fiye da shekara na yi ina zirga-zirga da ɗiga magani kafin a zare mini zaren ɗinkin. A ranar ne likita ya duba ya yi murmushi ya ce dashe ya kama. Wannan kalma ita ta cuce ni, kuma ba laifinsa ba ne. Ya ƙara da cewa in riƙa zuwa dubiya duk shekara, in kuwa idon ya yi ja ko haske ya dame ni in taho da gaggawa. Amma ni kunnen manomi na sa na ji shi. A wurinmu in an ce dashe ya kama, to ya yi saiwa, ya zama ɗan gona, ba mai sake yi masa fargaba. Na je dubiya a shekarun farko, daga baya hanya ta ƙara muni, ni kuma ina gani tangaran, sai na daina. Na yi aure, na haihu, har na manta idon ba nawa ba ne.

Wata shekara ciwon idon nan afolo ya shigo garinmu, gida-gida ido ya yi ja. Yarana suka kamu, nawa na dama ma ya yi ja, na ce ai rabona ne ya zo. Lokacin dashen shinkafa ne, irina ya isa cira, na riga na ɗauki 'yan aiki har daga Maradun. Matata ce ta lura. Tana wanke wa yaran fuska ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, wanga naka ba irin na ɗiyan ga ba na. Nasu na kwantsa, naka ko hawaye ɗai, kuma rana kaka gudu." Na yi mata dariya, na tambaye ta yaushe ta buɗe asibiti ban sani ba. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na ja hula, na tafi gona.

Yaran suka warke, ni ban warke ba. Gani ya fara zama kamar ina cikin hayaƙin murhu. Kullum sai in ce gobe zan tafi, gobe ta zo in ga sauran fangalin gonar bai cika da dashe ba. Na kasa zama, na kasa cin abinci, ina rufe hagu da tafin hannu ina gwada dama a kan kowane abu. Sai da na kasa bambance shinkafa da ciyawa a hannuna sannan na nemi mota.

Likitan ya daɗe yana dubawa. Daga baya ya gaya mini jikina ne ya juya wa tantanin baya, kuma da na zo a kwanakin farko, mai yiwuwa magani ya kwantar da shi. Raina ya ɓaci, na tuna masa shi da bakinsa ya ce ya kama. Ya ajiye abin dubansa ya ce, "Shinkafarka tana yin saiwa. Wannan ba ya yi. Baƙo ne jikinka yake haƙuri da shi, ko bayan shekara nawa."

An yi ƙoƙari, amma ganin bai dawo ba. Yanzu ina jiran a samu wani a sake dasawa, an kuma faɗa mini gaskiya cewa na biyu bai cika daɗewa kamar na farko ba. Da hagu mai rauni nake lallaɓa rayuwa, na daina hawa babur. Duk wayar da ta shigo sai in yi zaton asibiti ne.

Ga duk wanda aka yi wa wannan aiki, ko yake da ɗan'uwa irina, kada jin daɗin gani ya raba ku da asibiti. Jan ido a wurinku ba afolo ba ne sai likita ya ce shi ne, ko da garin duka ya kamu. Shinkafar shekarar ta yi kyau, kowa ya yaba. Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ban sani ba, wanda ya bar mini idonsa amana. Ina yi masa addu'a a kowace salla, amma har yau kunyarsa nake ji.