Jar Fitilar da Ba Ta Kamawa Sai an Juyo Gida

Ko zan manta da duk motocin da suka bi ta hannuna a shekarun da na yi ina gyaran wayar mota a Bodinga, akwai wata fara mai jar fitila da ba za ta taɓa fita raina ba, don a kanta na kusa raba wani bawan Allah da abincinsa.

Lokacin soja ba su daɗe da karɓar mulki ba. Sabulu sai an bi layi, kayan gyara sun yi ɓatan dabo, ga korar ma'aikata ana yi ba ji ba gani. Ni kuwa ban daɗe da gama koyon aiki a Sakkwato ba, kaina ya yi girma, ina ganin wayar da za ta gagare ni ba a ƙera ta ba tukuna.

Motar ta wani ofishin malaman dabbobi ce, irin manyan nan da aka shigo da su lokacin da ƙasa ke da daɗi. A bayan kowace tayar baya tana da 'yar na'ura kamar kan yatsa mai jin zafin birki. In birki ya yi zafi fiye da kima, sai ta kunna jar fitila a gaban direba. Direban wani dattijo ne mai sanyin magana, kowa Baba yake ce masa. Duk mako yakan kai shugaban ofishin, wanda muke kira Yallaɓai, rigakafin shanu a Shagari da Horo Birni.

Ranar da Baba ya kawo mini motar ya ce, "Ɗana, wagga hitila ba ta kamawa in muna zuwa. Sai mun juyo gida."

Na yi dariya har da buga cinya. "Haba Baba, hitila ta san hanyar gida?"

Na duba fis, lafiya. Na ɗauki kwan gwajina na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wuta na tafiya yadda ya kamata. Na kwance na'urorin biyu na gasa su da ashana, kowace ta kunna fitilar, ta huce ta kashe. Kwana biyu ina ƙarƙashin motar ban ga komai ba. Maimakon in ce abin ya fi ƙarfina, da Yallaɓai ya zo sai na gyara tsayuwa na ce, "Ranka shi daɗe, mota lahiya lau take. Ƙafar Baba ce ka kwanciya bisa birki in ya gaji."

Yallaɓai ya ɗaure fuska. Ashe an nemi ya tura sunayen waɗanda za a sallama. Ya ce in fitilar ta sake kamawa a fita mai zuwa, sunan Baba zai shiga, don ba zai bari a ƙona birkin da babu irinsa a kasuwa ba. Baba kallona kawai ya yi, ya shiga mota. Mutum ne mai iyali cike da gida, kuma da bakina na jawo masa. Wallahi ranar tuwo bai wuce mini ba.

Da ranar fita ta zo, na roƙa a tafi da ni. Tun daga Bodinga har Shagari idona na kan ƙafar Baba. Bai taɓa birki ba sai sau biyu, duka saboda jakuna.

A Horo Birni, bayan an gama da shanu, na ga Baba ya sunkuya ƙarƙashin motar ya kwanto salka, wato jakar ruwan nan ta fatar akuya, a bushe shakaf, wadda na gani a wurin tun ina duba wayoyi ban kula ta ba. Ashe Yallaɓai ba ya shan kowane ruwa sai na wata rijiya ta garin, wai shi kaɗai ke kwantar masa da ciki. Baba ya cika ta tim, ya mayar ya ɗaure ta a ƙasa don iska ta sanyaya ta. Ina tsaye ina kallo, amma ban kawo komai a raina ba.

Da muka juyo gida, ba mu yi nisa ba fitila ta kama, ja wur, ƙafar Baba kuwa tana kan totur. Na ce a tsaya. Na dafa ƙarfen birkin, ko ɗumin kirki babu. Da na kutsa ƙasa sai na ga abin da ya fi ƙarfin kwan gwajina. Igiyar salkar ta haɗa har da wayar na'urar ta ɗaure. In salka ba ruwa, waya na zaune lafiya. In ta cika, nauyinta ya ja wayar ya danna ta a kaifin ƙarfe, inda robar ta riga ta cinye, ga ruwa na ɗiga a kai.

Na tallabe salkar da hannu biyu. "Baba, hitila hwa?"

"Ta mutu!"

Na sake ta.

"Ta kama!"

Sau uku muna yi, Baba na ƙara ɗaga murya kamar mai shela. Yallaɓai ya leƙo ya ce, "Wai mi kunka gano?"

"Ranka shi daɗe, ga mai laihin nan na rungume."

Yallaɓai ya tambaya wa ya ce a ɗaure ta a nan. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, kai ka nuna man wurin da sandarka." Yallaɓai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. "Ashe sunana ya kamata in tura!"

Na naɗe wayar da baƙin salatif, na sauya wa salka mazauni, muka zauna gindin wata bishiyar bedi muka sha ruwan. Gaskiyar Yallaɓai, ruwan akwai daɗi. Nan na durƙusa gaban Baba na nemi gafara. Ya dafa kaina ya ce, "Ba komi, ɗana. Amma tun ranar farko na hwaɗa maka inda ciwon yake. Waya kaka saurare, ba mutum ba."

Baba ya ci gaba da tuƙinsa har ya yi ritaya da mutuncinsa. Ni kuma daga ranar, duk wanda ya kawo mini mota, ba na taɓa kwan gwaji sai na zaunar da shi na ji yaushe abin ke faruwa, ko da maganarsa ta yi kama da shirme. In kuma na duba ban gane ba, nakan ce ban gane ba. Faɗin haka bai taɓa rage mini komai ba, amma ƙin faɗinsa ya kusa hana gidan Baba ɗora tukunya.