Ramin da Na Huda a Motar Yaya

Yayana ne ya kawo mini kwali na farko. Ina aji uku a sakandare ya dawo daga wani kwas na soja da shi a jakarsa, da hoton tankar yaƙi a jikinsa. Da na buɗe ban ga tanka ba, sai ƙananan gutsattsarin roba masu launin toka da takardar da ke nuna wanne zai hau kan wanne. Ya ce don kansa ya saya, amma ba shi da haƙurin abin.

"Auta, ke da kike wuni ba ki ce uffan ba, gwada mu gani."

Kafin in shiga jami'a na haɗa guda shida. Gidanmu a Nassarawa tsohon ginin ma'aikata ne, da ɗakin ajiya a bayan kicin, kuma Baba ya bar mini ɗakin. A nan nake ajiye reza da matsefata da gam da ƙananan kwalaben fenti. Ba ni da ƙawaye da yawa, ban kuma damu ba.

Ina shekara ta biyu a jami'a aka tura Yaya arewa maso gabas. Shi ne ɗan fari a gidanmu, don haka Umma ba ta kiran sunansa, ba ta kuma tambayar lafiyarsa a gaban mutane. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Duk Juma'a bayan masallaci yakan kira wayar Baba. Baba ya sa ta a kan tebur kowa ya ji, Umma kuwa ta sami abin gogewa a kusa da teburin har a gama.

Wata rana ya turo mini hotonsa a tsaye kusa da motar sulken da yake jagoranta, mai taya takwas. Abokan aikinsa sun yi mata kejin ƙarfe a gefe, sun rataya jarkoki da buta a baya, kuma a ƙasan hasumiyar bindiga an rubuta da farin fenti, irin rubutun bayan manyan motoci: ADDU'AR UWA. Ya ce, "Ki yi mini wannan. In na dawo in sa ta a falo."

Zaɓen kwalin kaɗai ya ci mini mako uku. Babu mai sayar da su a Kano, sai wani mutum a Legas da ake magana da shi ta waya, kuma iri biyu yake da su masu taya takwas. A ido ɗaya suke. Na ƙara girman hoton Yaya a waya har ya dushe, na ga ƙofar gefe tana tsakanin taya ta biyu da ta uku, kuma biyu take rabewa, rabi sama rabi ƙasa. Kwali ɗaya ne ke da irin wannan ƙofar. Shi ma akwai babba da ƙarami, na ɗauki babban, wanda komai nasa kashi ɗaya ne cikin talatin da biyar na ainihin motar, saboda rubutun ba zai karantu a kan ƙaramin ba.

Abin da ke cikin kwali mota ce kamar yadda ta fito daga masana'anta, ba motar Yaya ba. Sauran aikin nawa ne. Na fere tsohuwar wayar lantarki na ciro siraran tagullar ciki na saƙa kejin. Butar kuwa da murfin biro na sassaƙa ta, sau huɗu ina yi kafin bakinta ya fito daidai. Na aske burushi har ya rage gashi uku, na rubuta ADDU'AR UWA harafi bayan harafi, har da yadda harafin R ya ɗan karkace a hoton.

Akwai wani zaure a intanet na masu wannan sana'a, yawancinsu dattawa ne a ƙasashen waje, kuma a nan na koyi kusan duk abin da na sani. Na sa hoton motar. Suka yaba kejin. Sai wani da kowa ke girmamawa ya rubuta cewa ta yi tsafta da yawa, kamar abin wasan yara. A wurinsu mota ba ta kammala sai an tsufar da ita: ƙura a tayoyi, tsatsa a ƙusoshi, in ta yaƙi ce kuma a ga rauni a jikinta. Na ji kunya ƙwarai.

Na tankaɗe ƙasar gindin mangwaronmu na shafa a tayoyin. Na jiƙa ƙusoshi a ruwa na kwashi tsatsarsu. Daga nan na zauna ina kallon hotunan irin wannan mota da aka harba a yaƙe-yaƙen wasu ƙasashe, don in san inda ake samunta da yadda ƙarfen ke buɗewa. Ranar wata Talata da hantsi na kunna kyandir, na gasa allura, na huda gefen motar a ƙasan hasumiya. Na lanƙwasa bakin ramin ciki, na bar hayaƙin kyandir ya hau sama ya cinye rabin rubutun. Ya yi kyau sosai. Wallahi a lokacin ban tuna akwai mutum a cikin motar ba. Ramin kawai nake so ya fito daidai.

Ranar Juma'a Baba ya dawo masallaci ya ajiye wayarsa a kan tebur. Umma ta goge teburin, ta goge kujeru, ta goge gilashin kabad. Aka kira la'asar wayar ba ta yi ƙara ba. Baba ya kira, aka ce a kashe take. Ya ce matsalar sabis ce, an saba.

Juma'a ta biyu ma haka.

Unguwarmu shiru gare ta. Katangu dogaye ne, motoci kaɗan ke bi ta layinmu, don haka duk wadda ta shigo ana jinta tun daga kwana. A shekarar da ta gabata wasu mutum biyu cikin kaki sun tsaya a ƙofar wani gida a layin bayanmu, kuma kowa ya san abin da suka kawo tun kafin a buɗe musu. Yanzu duk motar da ta rage gudu a gaban gidanmu sai in ga hannun Umma ya tsaya a kan abin da take yi, har sai ta wuce.

Na san roba ce. Kimiyya nake karantawa, kuma tun ina ƙarama aka koya mini cewa camfi ba shi da wuri a addini. Duk da haka na naɗe motar a tsohon ɗankwali na tura ta bayan kwalaye. In na zauna karatu sai in ji kamar tana kallon bayana.

Juma'a ta uku da rana na kasa daurewa. Na fito da ita na fara goge baƙin hayaƙin da sinadarin narkar da fenti. Warinsa ne ya kawo Umma. Ba ta taɓa shiga ɗakin ba sai ranar.

"Me kike ƙonawa a nan?"

"Ba komai, Umma. Abin wasa ne."

Ta matso. Ta ciro tabaraunta ta sa, ta sunkuya. Na ga leɓɓanta suna motsi tana karanta abin da ya rage na rubutun.

"Ta yayanku ce."

"Shi ya ce in yi masa."

"Shi ya ce ki yi wannan?" Ta nuna ramin, ba ta taɓa shi ba.

"A'a. Haka ake yi ne, don ta yi kama da ta gaske."

"Yaushe kika yi?"

"Talata."

"Wace Talata?"

Na faɗa mata. Na san tana jera kwanakin. Sannan ta jawo kujerar roba ta zauna.

"A ina yake zama a ciki?"

Na nuna mata da bakin matsefata. Tsakanin wurin da ramin bai kai faɗin yatsa ba.

"In da a ce gaske ne, wanda ke nan zai fita?"

Na san amsar. Na kwashe kwanaki ina kallon hotunan motocin da aka harba a daidai wurin. Na ce, "Ya danganta, Umma."

Ta dube ni ta saman tabarau har na sunkuyar da kai. "Gyara ta," ta ce.

Baba ya zo neman ta ya same mu a haka. Ya kalli motar, ya kalle ni, ya gane komai.

"Hajiya, kin san dai wannan camfi ne."

"Na sani, Alhaji. Shekara nawa ina koya wa 'ya'yan mutane haka a aji."

"To tashi mu je, ki bar yarinya."

"In ta gama zan taso."

Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ya tafi. Bai ɗauki wayarsa daga kan tebur ba ranar har magariba.

Robar da ta narke ba ta komawa yadda take. Sai da na yanke bakin ramin ya zama murabba'i, na yanko faci daga ragowar kwalin, na fere shi har ya zauna daidai, na cike gefen da foti irin na masu gyaran jikin mota. Dole a jira ya bushe kafin a goge. Na gaya wa Umma sai gobe. Washegari bayan karin kumallo na tarar da ita a kujerar tana jirana, da carbinta. Kwana uku muka yi a haka. Ta sa na wanke ƙurar tayoyin, na kankare tsatsar ƙusoshin, duk aikin da na yi wata guda ina yi. Da na zo rubutun hannuna ya ƙi tsayawa, sai ta kama gefen teburin ta riƙe, kamar shi ne ke motsi.

Da na gama ta ɗauki motar da hannu biyu ta kai falo ta ajiye a kan kabad. In hasken taga ya faɗo ta gefe ana ganin layin facin a ƙarƙashin fenti. Ni kaɗai nake gani, ina tsammani.

Kiran ya zo ranar Laraba da azahar, da lambar da ba mu sani ba. Baba ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ɗauka. Muryar Yaya ce, amma da ƙarfi yake magana fiye da yadda ya saba, kuma duk abin da Baba ya faɗa sai ya ce a maimaita. Ya ce lafiyarsa ƙalau, an canza musu wuri ne, wayarsa kuma ta lalace. Baba yana ta hamdala. Umma na tsaye da tsumma a hannu.

"Auta na kusa? Ta gama motar nan kuwa?" in ji Yaya.

Kafin in buɗe baki Umma ta matso kan wayar. Ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye a gabanmu ba.

"Ta gama. Tana falo. Babu abin da ya same ta."

"Na'am?"

"Na ce babu abin da ya same ta."

Baba ya duba ko layin ya yanke.

"To madalla," in ji Yaya. "A ce mata ta ajiye kawai, kada ta turo mini hoton. Wannan motar ba ta wurinmu yanzu."

Babu wanda ya tambaye shi ina take. Baba ya shiga yi masa maganar abinci da magani, yana maimaita kowace kalma sau biyu. Umma ta ninke tsumman ta ajiye a kan tebur, ta wuce ɗakinta ta rufe ƙofa.