Akushin Maɗaci

Maigidana ya dawo daga yaƙin Bama, wanda Turawa suka kai su, da akwatin ƙarfe, da bargo mai kaushi, da wani shiru wanda ban san shi da shi ba. Da can mutum ne da ake jin dariyarsa tun daga rumfar mahauta ta kasuwar Batsari har bakin rijiya. Da ya dawo kuwa sai ya sakar wa ƙannensa fawa, daga gona sai ɗaki. Mazan unguwarmu suna da ciyayya: bayan magariba kowa ya fito da akushin gidansa, a jera a ƙofar gidan kawun maigidana, a ci na wannan a koma kan na wancan. Tuwona yana zuwa, 'yar maƙwabta ke kaiwa, amma mai tuwon ba ya zuwa. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ni dai burina in ga ƙeyarsa ta fita zaure da akushi a hannu.

Bayan an gama kaka sai na wayi gari na ga ya kafa turaku biyu a tsakar gidana, daidai inda nake shanya kuɓewa. Maƙeri ya yi masa ƙarafa biyu masu tsini, da wani dogo mai lanƙwasasshen baki. Ya maƙala guntun icce tsakanin tsinin nan biyu, ya naɗa igiyar fata a jiki, ya miƙo mini bakinta biyu.

Na ce, "Malam, mi za a yi da wannan kuma? Jaki za ka ɗaure?"

Ya ce, "Zauna ki ja, 'yar Runka. Dama, hagu, dama, hagu."

Na ja, icce ya juya, ya ɗora ƙarfe, sai ga ɓawo yana tashi a murɗe yana zubo mini a ka. A Indiya ya ga ana yi, in ji shi, lokacin da suke jiran jirgin ruwa. Sassaƙa ba gadonsu ba ce, kuma ba sayarwa zai yi ba. Sha'awa ce kawai irin ta wanda Allah ya ba matar da ba ta iya cewa a'a.

Na sha wuya, kada ma a ɓoye. In na ja da sauri ya ce ina fushi, in na sassauta ya ce barci nake. Kafaɗuna suka yi tsami har daka ta so ta gagare ni. Kaji suka ƙaurace wa tsakar gida saboda ƙiƙi-ƙaƙan abin. Akushin farko ya tsinke daga tsini ya yi tsalle ya fasa mini tulu. Na biyu ya yi ta ƙwaƙule shi har ƙarfe ya leƙo ta gindi, na ce to Alhamdulillahi, mun samu mazurari. Nan na ga leɓensa ya motsa kaɗan. Saboda motsin nan na yi ta jan igiya ina tsine mata a zuci.

Ran nan ya tafi wajen Safana ya dawo da kututture a kan jakin aro, daga wani icce da iska ta kayar a bakin dajin Rugu. Da ya sa gizago sai na ga cikinsa ja, na kuwa gane warin. Maɗaci ne. Kowace ɗiyar ƙauye ta san shi, don da jiƙonsa aka yi mana ɗure muna yara in ciki ya murɗa. Masassaƙa iccen ɗanya suke nema in za su yi akushi, su babbake shi ya yi baƙi, su shafe da mai. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji yana ƙananan waƙe-waƙe yana shafa iccen, na mayar da bakina na rufe.

Gaskiya akushin ya yi kyau. Ja, sumul, bakinsa a zagaye kamar na faifai. Na ce a babbaka, ya ce wa zai ɓata wannan da hayaƙi? Ya juya shi ya sake juyawa, sannan ba tare da ya dube ni ba ya ce, "Yau a ciki za ki zuba. Ni zan kai."

 Yana fita masallaci na wanke akushi da toka, na ɗauraye, na lasa. Ɗaci har ƙeya. Na sake wankewa, na lasa, yana nan daram. Ƙwarya tana rataye kusa, amma na san in na sauya masa mazubi ba zai fita ba. Sai na tuƙa tuwon gero, na narka daddawa da barkono a miyar kuka yadda ban taɓa yi ba, na zuba, na ce Allah ka rufa asiri.

Ya ɗauka ya fita. Na bi na laɓe a bayan zaure, don katanga ɗaya ce tsakaninmu da wurin. Na ji an yi masa maraba, an daɗe ana gaisawa, an yaba akushi. Aka yi bismilla, sai shiru. Ni ban taɓa jin maza sun ci tuwo da ladabi irin na ranar ba. Wani ya yi tari ya nemi ruwa. A al'adarmu ba a kushe tuwon gidan mutum, kuma ba a mayar da shi da saura, balle na wanda aka daɗe ana jira. Haka bayin Allah nan suka yi ta haɗiya.

Can sai na ji muryar kawu, tsoho mai kaifin baki, a hankali: "Soja, Allah shi yi maka albarka. Ciwon cikin da ni ke fama da shi tun damina, yanzun nan na ji ya tashi ya kama hanyar Yasore."

Wuri ya kece da dariya. A cikin hayaniyar na tsinto dariyar maigidana, irin ta da, mai haɗe da shaƙewa da bugun cinya. Na zauna nan ƙasa na toshe baki da gefen zane.

Ya shigo da akushi a suɗe tas, idanunsa duk hawaye. Ya ce, "Kin san da ɗaci?" Na ce ni mi na sani, aikina jan igiya. Ya ce kawu ya ce yana da ɗanya a gonarsa, kuma kowa so yake ya ga wannan keken da ke haɗa magani.

Washegari da hantsi mazan unguwa suka yi sallama, na shige ɗaki. Suka tuge turakun suka kafa a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, manyan mutane masu gemu suna gardama a kan wa zai fara ja. Na share tsakar gida, na baza kuɓewata a wurinta, kaji suka dawo. Daga waje ina jin ƙiƙi-ƙaƙa, ina jin muryarsa yana cewa, "Dama, hagu! Kai, Kawu, barci ka ke?"

Abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni. Amma wallahi sai da na yi kishin igiyar nan. Na tsaya bakin turmi da taɓarya a hannu, na rasa abin da zan daka.