Fulin da Na Tilasta wa Bappa Ya Ɗaura

Shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Jimeta gudun 'yan ta'adda, wasu a ƙafa wasu a bayan tifa, ni babbar damuwata a duniya ita ce motata ba ta gudu yadda nake so. Ina ɗan shekara ashirin da bakwai, mahaifina na da rumfunan atamfa a babbar kasuwa, ni kuwa ba ni da aikin da ya wuce goge mota da jiran bikin abokai.

Motar baƙa ce, 'yar Kwatano, tana da abin da makanikai ke kira sufacaja, wata na'ura da bel ke juyawa tana cusa wa inji iska fiye da wadda zai shaƙa da kansa. A waya na gani cewa idan aka cire fulin da bel ɗin ke hawa aka sa ƙarami, na'urar za ta ƙara sauri, iska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Na sa aka aiko mini da fulin daga Legas. Saura mako biyu bikin wani abokina, kuma akwai wani ɗan cikin garin Yola da ya saba wuce ni a ayarin ango yana ɗaga mini hannu ta taga. Na rantse a wannan bikin sai ya sha ƙurata.

A garejinmu na Jambutu mutum ɗaya ne ya san irin wannan inji, wani dattijo da kowa ke kira Bappa. Daga wajen Mubi ya gudo da matarsa da 'ya'yansa mata huɗu da jakar spana. Ba shi da katin ƙungiyar makanikai. Ciyaman na gareji ne ya tausaya masa ya ba shi gindin wata darbejiya, da sharaɗin cewa ƙara ɗaya aka kawo a kansa zai tattara. Da wannan inuwar yake ciyar da mutum shida, kuma na san da haka sarai.

Ya juya fulin a hannunsa, ya leƙa injin, ya girgiza kai.

"Alhaji ƙarami, wannan abu iska kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara mai," in ji shi. "Mota kaman tuwo ne, in ka ƙara gari sai ka ƙara ruwa. Nozul naka masu fesa mai ƙanana ne, famfon mai ya tsufa. Ka sayo manya tukuna, a gyara masa lissafi a kwamfuta. In ka taka shi haka da zafin Yola ɗin nan, inji zai ci kansa."

Na tambayi kwana nawa kayan za su yi kafin su iso. Ya ce wata guda. Raina ya ɓaci, don ban saba a ce mini a'a ba, balle daga bakin wanda ke kwana a kangon da ba a gama ginawa ba.

"Bappa, in aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa, in je in gaya wa Ciyaman ya ba ni wani."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki spana.

Da ya gama muka zaga gari, muka dawo. Motar ta zama wata iri, ɗan taɓi kaɗan sai ta manna ni da kujera, har dariya na riƙa yi ni kaɗai. Shi bai yi dariya ba. Ya kwance fulogi ɗaya ya miƙo mini, bakin fulogin fari fat.

"Ka gani? Mai lafiya launin ƙasa yake yi. Fari yunwa ne. Don girman Allah kar ka wuce rabin totur, in ka ji ƙara kaman tsakuwa cikin gwangwani ka ɗaga ƙafa."

Ranar biki bayan la'asar muka tsallake gada muka ɗauki hanyar Girei, rana na dukan kwalta. Ɗan Yolan nan ya zo gefena. Na taka totur har ƙasa, na wuce shi kamar yana tsaye. Na ji tsakuwar da Bappa ya faɗa, na ji ta da kunnena, amma ina hango mutumina a madubi yana ƙanƙancewa, sai na ƙi ɗaga ƙafa. Ba a yi minti biyu ba motar ta yi wata girgiza, hayaƙi ya turnuƙe bayana. Ayarin duka ya wuce ni a bakin titi, har da ƙawayen amarya suna leƙe. Da igiya aka jawo ni zuwa Jambutu.

Washegari aka buɗe injin a gaban jama'a. Fistin ɗaya ya narke, ramin da ke kansa yatsa zai shiga. Bappa bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ai na faɗa maka, Alhaji ƙarami." Wani makanike ya yi 'yar dariya. Wannan dariyar ce ta ƙarasa ni. Na ce ya musanya mini kaya da jabu, na ga ba wanda ya yarda. Sai na laluba cikina na nemo abin da zai fi ciwo.

"Wa ma ya san motocin su wa yake gyarawa a can kafin ya zo nan? Kowa ya gudo da rigar jikinsa, shi an bar shi ya fito da jakar spana cif."

Lokacin ana laluben mutane a ƙofar kasuwa da ƙofar masallaci, kowa na kallon baƙo da wutsiyar ido. Ciyaman ya ce, "Kai, yaro, ka san abin da kake faɗi kuwa?" Na ce ni dai tambaya na yi. Na ga waɗanda ke cin abinci kwano ɗaya da Bappa suna ja da baya kaɗan-kaɗan. Shi kuwa sai goge hannunsa yake yi da tsumma, ya goge ya sake gogewa.

Magana zarar bunu ce. A ranar aka ce ya ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Bayan kwana biyu wasu jami'an tsaro suka je kangon da yake suka tafi da shi don amsa tambayoyi. Matarsa ta zo har rumfar mahaifina ta durƙusa, ta ce in je in faɗa musu fushi ne ya sa ni. Na ce mata ban kai ƙarar kowa ba, kuma a wannan gaskiya na faɗa. Tsoro nake ji kar in je a riƙe ni, amma abin da ya fi tsoron yawa shi ne girman kai.

Mahaifina ya sa aka ɗaura mini wani inji. A ɓoye na sayo manyan nozul da sabon famfon mai, aka gyara lissafin a kwamfuta, na mayar da ƙaramin fulin. Shekara huɗu na yi ina taka motar yadda na ga dama, ko tari ba ta yi ba.

Na ji an sake shi bayan wasu watanni, ba a same shi da komai ba. Ban neme shi ba.

Bara na kai 'ya'yana wata makaranta a Jimeta. Mai gadin ya taso da ƙyar ya ja ƙofa da hannun hagu, na daman a lanƙwashe a ƙirjinsa, yatsun sun ƙandare. Ya sunkuyo ta taga ya dubi yaran, sannan ya dube ni.

"Alhaji ƙarami, an girma. Waɗannan naka ne? Allah ya raya su."

Bappa ne. Na ce amin. Kullum da safe haka yake buɗe mini, ya riƙe wa 'yar autata jaka har bakin aji. Na yi zango guda ina shirya abin da zan ce masa, ina isa ƙofar sai in ɗaga gilashi. Da aka dawo hutu na canza wa yaran makaranta. Na ce wa uwarsu malaman lissafin can ba su da kyau.